Awa Uku a Inuwa

Tana saman tsani a hawa na huɗu, tana fama da wani ɗan farin abu mai girman akwatin ashana da ya ƙi kama bango, sai gyalenta ya sarƙe da ƙusa. Ita ba ta yi sama ba, ita ba ta sauko ba, ga zufa tana shiga mata ido.

"Baiwar Allah," ta ji an ce daga ƙasa, "in asiri kike liƙa mana a bango ki faɗa, mu kwashe tsofaffinmu tun da wuri."

Ta leƙo a fusace. Saurayi ne dogo siriri, da sukudireba a bayan kunne, har ya dafe ƙafar tsanin da hannu biyu ba tare da an roƙe shi ba.

"Na'urar auna zafi ce," ta ce.

"Zafin gidan nan har sai an auna? Ki tambaye ni mana. Ya isa a soya ƙwai a kan filo."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ci amanarta. To, daga nan aka fara, kuma da an bar mutum ya leƙa gobensa, da wataƙila ranar ta sauko ta kama gabanta.

Auta ake ce mata a gida, ita ce ta ƙarshe cikin 'yan mata huɗu na wani tsohon hedimasta. Shi kuwa duk gidan Mai Gyara suke kiransa. Shagonsa yana ƙarƙashin matakala a hawan ƙasa, inda yake gyaran waya da rediyo da fanka. A wannan tsohon bene aka haife shi, a nan mahaifinsa ya rasu, a nan Innarsa take har yanzu a hawa na uku. Makullan ɗakunan sama ma a hannunsa suke, don zafi ya daɗe da korar masu su.

Hukumar da ke da benen ta yanke shawarar rushe shi, da iyalai talatin da ke ciki kowa ya san inda dare ya yi masa. Farfesan da ke duba karatun Auta ne ya roƙi alfarmar bazara ɗaya tak. Aikin Auta shi ne ta gina benen nan a cikin kwamfuta, bango bayan bango, taga bayan taga, ta sakar masa rana da iska na shekara guda, ta ga inda yake dafa mutane. Daga nan ta gwada magunguna a kwamfutar: a shafa wa rufi farin fenti, a yi wa tagogin yamma rumfa, a buɗe hanyar iska. Su kuma ƙananan na'urori takwas da cibiyar bincike ta ara mata, su ne shaidunta, su za su nuna ko zafin da kwamfuta ta faɗa shi ne zafin da ke ɗakin da gaske.

In ta nuna gyara zai yiwu, bene ya tsira, ita kuma ta samu gurbi ɗaya tilo da cibiyar ta buɗe wa sabon mai bincike. In ta kasa, shekara uku na wahala sun bi ruwa.

Mai Gyara ya zama ɗan rakiyarta. Shi ke ɗaukar tsani, shi ke riƙe bakin tef in tana awo, shi ke lallashin tsofaffin da suka ce ba za a liƙa musu abin leƙen asiri a ɗaki ba. Da ya ji tana kiran na'urorin yarana, sai ya ce to shi ne kawunsu. Ba a yi wata ba aka ƙara masa girma, saƙonni suka fara kai-komo a wayoyinsu, shi ke farawa.

"Sanyina, yaranki bakwai suna gaishe ki. Na takwas ya yi fushi, wai ba ki shafa kansa ba jiya."

"Ka ce masa ya yi haƙuri, Gwanina. Uwarsa tana kokawa da kwamfuta, ta ce ɗakin Inna ya fi tanda zafi."

"Kwamfutar nan ba ta ƙarya. Amma in kin shigo, sai zafin ya ragu da digiri biyar."

Sai ta kifa wayar a kan cinya tana murmushi ita kaɗai, kamar wadda aka yi wa albishir.

Baba bai yi murmushi ba. Ranar da labari ya kai masa, ya cire tabarau ya ajiye a kan jarida, alamar magana za ta yi tsawo.

"Auta, yayyenki uku duk aure ya tsinke musu karatu, na yi shiru. Ke kaɗai kika rage mini. Yanzu ki rasa wanda za ki kawo mini sai mai gyaran rediyo a ƙarƙashin matakala?"

"Baba, mutumin kirki ne."

"Kirki ba ya karanta rahoto. Wanda bai san me kike yi ba, wata rana shi zai ɓata miki shi, ko da bai yi niyya ba. Ga yaron nan Dakta ya zo gaishe ni har sau biyu."

Dakta matashin malami ne a cibiyarsu, mai kwat da turare, wanda ya daɗe yana cewa tsohon gini maganinsa katafila. Ya kuma daɗe yana tsayawa a bakin teburin Auta fiye da yadda aiki ya buƙata. Ita dai ta sunkuyar da kai ta ce wa Baba to, irin to ɗin da ba ta kai zuci ba.

Ana tsakiyar bazara na'ura ɗaya ta mutu, wadda ke bangon yamma a hawa na huɗu. Mai Gyara ya kwance ta a kan teburinsa, ya nuna mata batirin ya kumbura ya yi tulu.

"Rana ce ta dafa shi. Haka nake ganin wayoyi kullum."

Auta ta zauna a kan benci ta fashe da kuka, kukan gajiya da ya daɗe yana neman hanya.

"Cibiya ta ce ba ƙari. Saura bakwai. Wallahi in wata ta sake mutuwa, ni ma na mutu."

Ya miƙa mata hankici, ya daɗe yana kallon batirin nan.

Bayan sati biyu sai ga abin mamaki. Da ta zo da safe ta kwashi bayanan na'urorin ta zuba a kwamfuta, ta ga ɗakunan sama suna hucewa daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na yamma, daidai lokacin da ya kamata su fi ƙuna. Ta duba, ta sake dubawa. Sai ta tuna wani tsohon ramin iska da ya ratsa tsakiyar benen tun daga ƙasa har rufi, wanda kowa ya ɗauka wurin zubar da shara ne. Ashe magina na da sun san abin da suke yi! Ta gyara lissafin kwamfutar, ta ƙara wa ramin ƙarfi, ta yi ta murɗawa har layin kwamfuta da layin na'urori suka kwanta a kan juna. Nan take ta aika wa Mai Gyara saƙo.

"Gwanina, na gano sirrin gidanku. Tsohon nan yana numfashi. Ba za a rushe shi ba in sha Allah."

"Ban gane ba, amma na yi tsalle har na buge kai da matakala. Inna ta ce a gaya miki Allah ya yi miki albarka."

Bai tambayi wane sirri ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta bar shi sai ranar taron gabatar da sakamakon bincikenta ya ji a bakin manya. Farfesa kansa ya yi murna, ga ayyuka sun yi masa yawa, bai tsaya tone-tone ba.

Ranar taro, Laraba ce, Mai Gyara bai samu zuwa ba don duk Laraba yake tafiya babbar kasuwa sayo kayan gyara. Baba kuwa ya zo da babbar rigarsa, ya zauna a layin gaba. Ga mutanen hukuma, ga malamai. Auta ta yi bayani tiryan-tiryan, har aka fara tafi. Sai Dakta ya ɗaga hannu.

"A mayar mana da hoton nan na wata guda. Yawwa. Malama, na ga benen naki yana hucewa ƙarfe ɗaya daidai, ya koma zafi ƙarfe huɗu daidai, kamar ma'aikacin ofis. Wannan na yarda, iska ma tana iya sayen agogo." Aka yi 'yar dariya. "Amma duba nan, da nan, da nan. Duk ranar Laraba babu sanyin. Ginin naki hutun Laraba yake yi?"

Ta juya ta kalli allon. Laraba huɗu, layi ya miƙe sama ba ko lanƙwasa. Makonni tana kallon hoton nan, son abin ya rufe mata ido ba ta gani ba. Kuma duk ɗakin nan ita kaɗai ta san wanda ba ya gida ranar Laraba.

"Na'ura ba ta yin haka da kanta," Dakta ya ce a hankali. "Ko an taɓa na'urorin, ko an taɓa alƙaluman."

Ma'ana ta ƙirƙiri sakamako. A sana'arsu babu zagin da ya kai wannan, wanda aka kama da shi ko shara ba za a ba shi a cibiya ba. Baba ya tashi ya fita bai kalle ta ba.

Washegari ƙarfe biyu na rana ta dira a shagon. Yana ganinta ya washe baki, yana shirin tambayar yadda aka yi. Ba ta kula shi ba, ta zagaya bayan teburin. Can ƙasa, inda sanyin siminti yake, ga kwalin takalmi an shimfiɗa masa tsumma mai laushi, ga na'urorin hawa na huɗu a jere a ciki kamar ƙwai.

"Mene ne wannan?"

"Yaranki ne. In rana ta take nakan sauko da su su sha iska, ƙarfe huɗu in mayar. Kin ga tun daga ranar ko ɗaya bai sake..." Ya ga fuskarta, maganar ta maƙale. "Awa uku ne kawai, Sanyina. Cikin ashirin da huɗu."

"Awa ukun nan su ne aikin! Don su na liƙa su! Zafin nan da kake ɓoye musu shi aka aiko ni in auna!"

"Kin ce in wata ta mutu..."

"Ka kashe ni, ka huta. Baba ya faɗa ban ji ba. Ko dama tsoro kake kar in samu aikin in fi ƙarfinka?"

Wannan ta ƙarshe ba ta yarda da ita ba ko a lokacin da take faɗa, amma ta riga ta fita. Ya tsaya da sukudireba a hannu. Ta kwashe na'urorinta ta fice. Garin neman gira an rasa ido, kuma idon nata ne.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ba ta amsa ko ɗaya ba.

"Ban san haka ne ba. Wallahi ban sani ba."

"Ba na roƙon ki yafe. Ki gaya mini abin da zan gyara."

"Na gane. Wannan ba ya gyaruwa."

Aka sa ranar da kwamitin ladabtarwa zai zauna. Gidansu ya koma kamar gidan makoki, Baba ya daina karanta jarida a falo. Dakta ya zo har gida da maganarsa mai daɗi. Ya ce ta ce na'urorin ne suka lalace, shi zai sa hannu a kan haka, magana ta mutu, daga baya kuma a yi maganar da ta fi wannan. Auta ta gane kuɗin sa hannun. Ta kuma san in ta faɗi gaskiya, ba mai yarda, sai a ce ta samo wanda za ta ɗora wa laifi. Ga shi ko a fushin da take ciki, bakinta ya ƙi furta sunansa a gaban mutane. Ta ce wa Dakta ta gode. Ta yanke za ta shiga ta yi shiru, duk abin da za a yi a yi.

Ranar zaman, Baba ya raka ta, ba don ya huce ba, sai don ba ya barin nasa shi kaɗai a gaban hukunci. An fara karanta tuhuma ke nan aka ji hayaniya a ƙofa. Mai Gyara ne, sanye da rigar da yake zuwa biki da ita, rungume da kwalin takalmi.

"Ranku ya daɗe, ni ne hutun Laraba."

Ya ajiye kwalin a kan teburin manya. Ya faɗi komai, bai rage ba: batirin da ya kumbura, kukan da ta yi, hawa huɗu da yake yi sau biyu kullum da rana tsaka, tsumman da ya yanko daga tsohuwar rigarsa. Wani malami ya tambaye shi ko ya san aikin na'urar auna zafi.

"Na sani, ranka ya daɗe. Auna zafi."

"Shi ne ka kai ta inuwa?"

"Tausayinta na ji."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da masu share hawaye. Shi kuwa yana tsaye ƙyam, kunnuwansa kamar su tsiyayi jini, bai sunkuyar da kai ba.

"Ku yi dariya, na cancanta. Jahilcina ne, ba ƙaryarta ba. Yarinyar nan ko tsawon taga ta auna sai ta sake aunawa sau uku. In akwai kora, ni za a kora, sai dai ba ni da inda za a kore ni."

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Auta da Baba.

An wanke ta daga zargin ƙirƙira. Iyakar abin da aka samu ke nan. Farfesa ya ce mata gaskiya mai ɗaci, cewa laifin saurayin rabi ne, rabin nata ne da shi kansa, don mai bincike in ya ga abin da ya yi masa daɗi da yawa, a nan ya kamata ya fi zargi. Aka soke binciken. Gurbin aka ba wani. Ta roƙi a bar ta ta sake awo, amma damina ta riga ta sauka, zafin da za a auna sai baɗi, hukuma kuma ta ce alfarma ɗaya ta yi alkawari. Aka liƙa wa iyalai talatin takardar tashi.

Ranar da katafila ta zo, Auta ta je, ba ta san me ya kai ta ba. Ta tarar da Inna zaune a kan ƙullin kayanta a tsallaken titi, tana kallon tagar ɗakin da ta yi shekara talatin da biyar a ciki. Auta ta durƙusa a gabanta.

"Tashi, 'yata. Ke kin yi iya yinki, shi ma ya yi iya haukarsa. Ubansa ma haka yake, in yana son abu sai ya lulluɓe shi har ya hana shi numfashi." Ta nuna da haɓa. "Ga shi can. Kwana goma sha biyu rabonsa da abincin kirki."

Yana tsaye shi kaɗai, ya rame, ba sukudireba a kunne. Bangon yamma ya faɗi a gabansu, ramin iskar nan ya bayyana, cike da tsofaffin ledoji, toshe tun daga ƙasa. Ko iskar da za ta kaɗa gashin kaza ba ta taɓa bi ta ciki ba.

"Na rushe gidanmu da hannuna," ya ce, bai juyo ba.

"Mu biyu muka rushe. Kai ka kai su inuwa, ni na ga ƙarya na rungume ta don ta yi mini kyau." Ta juyo ta dube shi. "Maganar da na faɗa maka a shago, ba haka ba ne a raina."

"Na sani. Amma ba ni da shago yanzu, ba ni da gida. Ki bi maganar Baba."

"Ni ma ba ni da aiki, ba ni da bincike. Ka ga mun dace, Gwanina."

Ya yi wata dariya da ta fi kama da kuka.

Ba su suka je wurin Baba ba, shi ya aika a kira Mai Gyara. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Na ce wanda bai san aikinta ba zai ɓata mata shi, kuma ka ɓata. Ban yi ƙarya ba."

"Ba ka yi ba, Baba."

"Shekara talatin ina koyarwa. Yaron da zai ɓata abu, dubu ne. Wanda zai shigo da ƙafarsa ya ce ni ne, a yi masa dariya don a wanke wani, ban ga sun cika biyar ba. Mai digirin ya zo nan ya koya wa 'yata ƙarya, kai ka zo da kwalin takalmi." Ya yi ajiyar zuciya. "Ba abin da na so mata ke nan ba, kada in yaudare ka. Amma na ba ka. Sharaɗina ɗaya, kada ta ajiye karatun nan."

Aka ɗaura aure ba wani taro, 'yan'uwa da tsofaffin maƙwabta da suka warwatsu, kowa ya zo daga inda ya samu mafaka. Suka tare a ɗaki biyu na haya mai rufin kwano, ɗaya nasu ɗaya na Inna, ɗakin da in rana ta take ko ƙuda ba ya shiga. Ba cibiyar da ta kira ta. Takardun neman gurbi da ta aika, shiru kake ji.

Da bazara ta zagayo, wata safiya ya ajiye mata wani abu a tafin hannu. Na'ura ta takwas ce, wadda ta mutu, wadda cibiya ta ce a jefar. Ya sa mata sabon batiri, 'yar fitilarta tana ƙiftawa.

"Guda ɗaya ce, kuma ba bene," ya ce. "Ban sani ba ko ana fara bincike da haka."

Ba ta sani ba ita ma. Ta ɗauko tef, ya riƙe mata baki, suka auna ɗakin nasu bango bayan bango. Ta buɗe kwamfuta ta fara gina shi. Sannan ta hau kujera ta liƙa na'urar a bangon yamma, inda zafi ya fi tsanani.

Ƙarfe ɗaya ta fito daga kicin ta same shi tsaye a gaban bangon, zufa tana ɗiga daga haɓarsa, ya harɗe hannuwansa biyu a baya ya riƙe gam.

"Gwanina, me kake yi?"

"Ba na taɓawa. Amma wallahi tana shan wuya, Sanyina."

"Bar ta ta sha. Aikinta ke nan."

Ta zo ta tsaya kusa da shi, ta zura hannu ta baya ta kama nasa, ko don so, ko don tsaro. Daga ɗaya ɗakin Inna ta ɗaga murya tana fifita da murfin kwali:

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin magana. Ya kuma sa wannan karon a auna daidai."

Suka haɗa baki suka ce amin, suna tsaye a cikin zafin har ƙarfe huɗu ta wuce.